Karatun Aku: Matsalar Fahimta a Ƙananan Azuzuwan Firamare

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta bayan tagar aji ɗaya ko aji biyu na makarantar firamare da hantsi, ya san irin muryar da ke tashi daga ciki. Malami na tsaye gaban allo, riƙe da ɗan kara, yana nuna rubutu yana faɗa, yara kuwa suna amsawa baki ɗaya da iyakar ƙarfinsu, har a jiyo su daga bakin hanya. Mai wucewa sai ya ji daɗi a ransa, ya ce lalle makarantar nan ana karatu. Amma da zai tsaya ya shiga, ya ware yaro guda, ya ɗora masa yatsa a kan kalma ta uku ta jimlar da aka gama rerawa, ko kuwa ya tambaye shi wane ne aka ce ya tafi kasuwa, me kuma ya kai shi, sau da yawa abin da zai gani shi ne yaro ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Jimlar tana bakinsa tsaf, amma ba ta shiga kansa ba.

Irin wannan shi ake kira karatun aku, ko da yake kiransa haka rashin adalci ne ga akun nan na cikin Magana Jari Ce, wanda ya san abin da yake faɗa har ya kai ga sarautar waziri. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fahimtar abin da aka karanta abu ne da ya wajaba a fara koya wa yaro tun ranar da ya fara zama a aji ɗaya, kafaɗa da kafaɗa da koyon baƙi da wasali. Za ta kuma nuna cewa yanayin rubutun Hausa na boko shi kansa ya tilasta hakan fiye da yadda akan zata, sa'an nan ta faɗi nauyin da ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban sashen Hausa dangane da wannan al'amari.

Mene Ne Karatu?

Karatu dai aiki biyu ne a haɗe. Na farko shi ne mai da rubutu sauti, watau yaro ya ga baƙi da wasali ya haɗa su su tashi gaɓa, gaɓoɓi su tashi kalma. Na biyu kuwa shi ne gane ma'anar abin da sautin ya ƙunsa, kamar dai yadda yaron zai gane in da da baki aka faɗa masa. A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana dangantakar ayyukan nan biyu ta hanyar lissafi. Suka ce fahimtar karatu ita ce sakamakon da ake samu idan aka ruɓanya iya furta rubutu da iya fahimtar harshe. Hikimar wannan bayani tana ga ruɓanyawar, domin duk abin da aka ruɓanya da sifiri, sifiri ake samu. Yaron da ya san Hausa ƙwarai amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba, bai yi karatu ba. Haka kuma yaron da ke furta rubutu sarai amma bai san abin da ake nufi ba, shi ma bai yi karatu ba, kome daɗin muryarsa.

Karatun aku kuwa, in an duba da kyau, ya rasa duka biyun. Yaron da ke bin muryar malami yana maimaitawa bai mai da rubutu sauti ba, don da kunne ya kama jimlar, idonsa bai yi aikin kome ba. Bai kuma fahimta ba, don ba wanda ya taɓa neman ya faɗi abin da ya gane. Abin da ya rage masa ita ce hadda, hadda kuwa takan ƙare a inda shafin ya ƙare.

Girman Matsalar

Kada a ɗauka wannan ƙorafi ne irin na tsofaffi masu cewa karatun da ya fi na yanzu. A shekarar 2019 Bankin Duniya tare da hukumar UNESCO sun fito da wani ma'auni da suka kira talaucin koyo, watau yawan yaran da suka kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. A rahoton da aka fitar a 2022 an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suna cikin wannan hali, a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 89 cikin ɗari, watau kusan tara daga cikin kowane yara goma. A nan gida ma, gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan labarin da aka miƙa musu ba. Da harshen da suka tashi da shi aka gwada su, don haka ba a ce baƙon harshe ne ya ɗaure musu kai ba.

Tushen wannan hali yana da tsawo. Sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a watan Satumba na 1976, yara sun kwararo makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka cika azuzuwa maƙil. Shirin UBE da ya biyo baya a 1999 ya daɗa buɗe ƙofa. Buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa alheri ne wanda ba mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Sai dai malamin da aka tara wa yara fiye da ƙima, ba littafi, ba kuma horon koyar da karatu, ba shi da wata dabara da ta wuce ya faɗa su amsa. Hanya ce mai sauƙi, tana hana hayaniya, tana kuma sa mai duba makarantu ya ji kamar ana aiki.

Yadda Rubutun Boko Ya Tilasta Fahimta

Akan ce rubutun Hausa yana da sauƙi, kuma akwai gaskiya a ciki. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓar Hausa kuma iri uku ce kurum: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da aka koya wa waɗannan bi da bi yana iya fara haɗa kalmomi cikin 'yan watanni, abin da takwaransa mai koyon Turanci, inda rubutu da furuci suka yi hannun riga, zai daɗe bai kai gare shi ba. To, amma wannan sauƙi yana ɓoye wani tarko wanda ɗalibin ilmin harshe ya fi kowa saninsa, watau daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, alhali kuwa su biyun suna rarrabe ma'ana a Hausa.

Alal misali, gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala, fari na launi da fari na rashin ruwa da fari na ɗan fari, duk haka suke. Yaron da ya ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan a shafi ba zai san yadda zai furta ta ba sai ya san zancen da ake yi. Abin ya fi tsanani a wajen lamirin suna, wanda kusan ba jimlar da ba ya fitowa a cikinta. A duba waɗannan: Audu ya zo jiya, Audu ne ya zo, a gaya wa Audu ya zo. Kalmar ya ɗaya ce a ido, amma uku ce a kunne. Ta farko mai dogon wasali ce, ta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, ta biyu gajera mai karin sama, ta shuɗaɗɗen lokaci na biyu, ta uku kuwa gajera mai karin ƙasa, ta umurtau.

Har ila yau a duba wannan jimla: Inna ta ce Ladi ta dafa shinkafa. Labari Inna ta bayar cewa an riga an dafa, ko kuwa umurni ta yi a dafa? Rubutu bai faɗa ba. In jimlar da ta biyo baya ta ce, sai Ladi ta ce ba itace, to, umurni ne. In kuwa ta ce, sai kowa ya ɗauko kwanonsa, to, labari ne. Babba mai karatu yakan warware irin wannan cikin ƙiftawar ido, har ya manta da cewa wani aiki ya yi. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa sai an koya masa ya riƙa duba gaba da baya, ya riƙa tambayar kansa ko abin da ya furta ya yi ma'ana.

Abin da ake son a gane a nan shi ne, a rubutun boko ko furucin kansa ba ya daidaita sai da fahimta. Saboda haka malamin da ya ce bari yara su iya haɗa baƙi tukuna, fahimta ta zo a aji huɗu, ya raba abin da ba ya rabuwa. Shi ya sa akan ji yaro yana karanta Hausa da wata irin murya shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba sauka, kamar ba harshen da yake faɗa da ƙannensa da shi ba ne. Wannan murya ita ce alamar farko ta cewa ma'ana ba ta iso ba, kuma ya kamata kowane malami ya san ta kamar yadda unguwarzoma ta san kukan jariri mara lafiya.

Bugu da ƙari, akwai ɓarnar da manya ke yi da hannunsu, watau sakaci da haruffa masu ƙugiya. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, kara da ƙara, ƙugiyar nan kaɗai ta raba su a rubuce. Idan malami ya rubuta a allo ba ƙugiya, ko aka buga littafin yara a maɗaba'ar da ba ta kula ba, an ƙara wa yaro wani kacici-kacici a kan wanda rubutun ya riga ya ɗora masa.

Inda Aka Gado Maimaitawa

Wasu sukan ɗora laifin karatun aku a kan makarantar allo, su ce daga can aka kwaso shi. Wannan magana tana bukatar a auna ta da adalci. Makarantar allo tana da tsari mai hawa-hawa, daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa hajjatu, har a kai ga sauka, kuma kowane almajiri da allonsa, yana biya wa malam nasa karatun shi kaɗai kafin a ce ya wanke. Manufarta ita ce tsare lafazin Alƙur'ani mai girma ba ƙari ba ragi, ta kuwa cim ma wannan manufa shekaru aru-aru. Sa'an nan tsarin bai tsaya nan ba. Wanda ya sauke yakan wuce makarantar zaure, inda zai zauna gaban malam da Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanta gaɓa guda ta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, ya yi sharhi, ya amsa tambaya. Watau malaman zaure ba su taɓa ɗaukar furuci kaɗai a matsayin ilmi ba.

Abin da makarantar boko ta yi shi ne ta ari muryar makarantar allo ta bar tsarinta. Ta ɗauki rerawa, ta bar biyawar mutum ɗaya ɗaya, ta kuma bar fassara da sharhin zaure. Ga shi kuwa littafin aji biyu ba nassi ba ne da ake son a tsare lafazinsa. An rubuta labarin Audu da kasuwa domin yaro ya koyi dabarar da zai karanta wani labarin da bai taɓa gani ba. In ya haddace shi, amfaninsa ya ƙare ke nan.

Abin da Ya Kamata A Yi A Aji

Da farko, a gane cewa yaron da ya zo aji ɗaya ba da kai fanko ya zo ba. Ya zo da shekara shida ta sauraron Hausa, ya san tatsuniya, ya san Gizo da Ƙoƙi, ya san wanda ya yi wayo da wanda aka cuta. Wannan shi ne jarin fahimtarsa, kuma ana iya juya shi tun kafin ya san harafi ko ɗaya. Malami ya ba da tatsuniya ko ya karanta ɗan labari a bayyane, ya tsaya a tsakiya ya tambaya me suke tsammani zai faru, in ya gama ya sa yaro guda ya maido labarin da bakinsa, wani ya gyara masa inda ya tsallake. Kacici-kacici ma darasi ne babba. Yaron da aka ce masa shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ya yi tunani ya ce tsintsiya, ya yi ainihin aikin da mai karatu ke yi, watau ya ciro abin da ba a faɗa ba daga abin da aka faɗa.

Na biyu, a koyar da baƙi da wasali da gaɓa bi da bi, kullum, ba tsallake. Kiran da ake yi a kula da fahimta bai zama izinin a yi sakaci da wannan ba, domin an riga an ga cewa in ɗaya ya zama sifiri duka sun rushe. Amma gwajin gaskiya shi ne a ba yaro kalma ko jimlar da bai taɓa ji daga bakin malami ba, a ce ya karanta shi kaɗai. Ko a aji mai yawa, malamin da ya saurari yara biyar kowace rana, minti ɗaya ɗaya, zai zagaya yara ɗari cikin mako huɗu, ya san wanda ke karatu da wanda ke fakewa a bayan muryar jama'a.

Na uku, a gyara irin tambayar da ake yi a darasin auna fahimta. A ɗauki wannan ɗan labari da za a iya rubuta wa 'yan aji biyu: Ladi ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Da ta dawo tana kuka, rigarta ta jiƙe sharkaf, ba kome a kanta sai gammo. Tambayar da aka saba yi ita ce, ina Ladi ta tafi? Wannan tana da amfani, amma yaro na iya amsa ta ta hanyar kwafo rabin jimla ba tare da ya gane kome ba. Tambaya ta biyu ita ce, me ya sami tulun? Ba inda aka rubuta ya fashe, sai yaro ya haɗa kuka da jiƙaƙƙiyar riga da gammo ya gano. Ta uku kuwa, me kake tsammani Inna za ta ce, don me? A nan yaro zai kawo abin da ya sani daga gida ya gwama da abin da ke shafi. Darasin da ya tsaya a tambaya ta farko kaɗai horon kwafi ne. Kuma a lura, kalmar kuka tana cikin labarin, malami mai lura zai tsaya a kanta ya tambayi yara yaya aka yi suka san ba ta miya ake nufi ba.

Na huɗu, a kula da karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci, saboda haka yaron Sakkwato da ya tashi yana cewa gida nai da riga tai, zai tarar da gidansa da rigarsa a littafi. Wannan ba matsala ba ce in malami ya san da ita, ya nuna wa yaro cewa ga yadda ake faɗa a gida ga kuma yadda ake rubutawa. Tana zama matsala ne idan aka yi wa yaro dariya ko tsawa, har ya ɗauka harshen uwarsa kuskure ne, ya kulle bakinsa. Haka nan akwai yaran da Hausa ba ita ce harshensu na gida ba, kamar 'ya'yan Fulani na ruga da yaran ƙabilu da dama na Bauchi da Filato da kudancin Kaduna. Irin waɗannan suna bukatar ƙarin hira da sanin kalmomi kafin a tsammaci fahimta daga gare su.

Batun Turanci

Ba a iya tattauna wannan al'amari ba tare da an taɓo harshen koyarwa ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, daga baya a koma Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da a faɗaɗa wannan ya game shekara shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da mai da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar yawan faɗuwa a manyan jarrabawa. Iyaye da dama ma ra'ayinsu ke nan, kuma ba a ce ba su da dalili ba. Da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa na makarantar kuɗi yana gaisuwa da Turanci dole ya ji ana barin nasa a baya.

Amma a tambaya, yaron da bai iya gane labarin tulun Ladi da harshen da yake mafarki da shi ba, ta yaya zai gane shi da harshen da bai taɓa ji ba sai a aji? In aka koma ga lissafin da aka kawo a baya, fahimtar harshe a wurinsa sifiri ce, don haka kome ya furta sakamakon sifiri ne. Abin da zai biyo baya shi ne ƙarin hadda. An kuwa gwada ɗaya hanyar an gani. A shirin shekara shida na Ife wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, an koyar da yara dukan darussa da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, aka tarar ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu fannoni ma sun fi su. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. Dalilin nasarar irin waɗannan a fili yake: dabarar karatu sau ɗaya ake koyonta. Wanda ya iya tambayar shafi, ya iya gane inda ma'ana ta kuɓuce masa ya koma ya nemo ta, zai tafi da wannan dabara duk harshen da ya shiga.

Gaskiyar da ya kamata masu kishin Hausa su haɗiye kuwa ita ce, tsarin harshen uwa ya daɗe a takarda ba tare da an ba shi littattafai da malamai ba. Wanda ya ce an gwada shi ya kasa, sai a tambaye shi a wane aji aka gwada shi sosai. Wanda kuma ke kare shi, sai a tambaye shi me ya rubuta wa 'yan aji biyu. Kome harshen da hukuma ta zaɓa, yaron ƙauye da Hausa zai ci gaba da tunani, kuma malaminsa da Hausa zai yi masa bayani in abu ya cije.

Nauyin da Ke Kan Sashen Hausa

A nan ne zancen ya iso gida. A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta littattafai saboda an lura waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu kuwa malaman makaranta ne. Imam, wanda aka haifa a 1911, shekararsa ashirin da biyu a lokacin, watau sa'ar ɗalibin ajin ƙarshe na jami'a. Magana Jari Ce, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, domin 'yan makaranta aka rubuta shi. Waɗancan mutane sun ga giɓi sun cike shi da alƙalaminsu.

Giɓin yau yana can ƙasa da inda suka cike. Tsakanin littafin koyon baƙi da wasali da Magana Jari Ce akwai tazara mai faɗi, wadda ke bukatar ɗaruruwan ƙananan littattafai masu hawa-hawa, na jimla biyar, na jimla goma, na shafi biyu, masu labarin da yaro zai so ya ji ƙarshensa. Shirye-shirye irin su Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato da tallafin ƙasashen waje sun taɓuka abin kirki, amma tallafi yakan zo ya wuce, kuma kowa ya san cewa kwaɗon bakin tulu ba a bar wa baƙo cire shi ba.

Ɗakunan ajiya na sassan Hausa cike suke da kundayen digiri a kan mawaƙa da marubuta da bukukuwa, kuma duk suna da daraja. Amma akwai tambayoyin da ke jiran mai bincike. Waɗanne kalmomi ne ɗan shekara shida ya sani a Kano, waɗanne ne a Gusau? Waɗanne haruffa ne suka fi rikita mai koyo, ts da sh ne ko ƙy da gw? Shin sa alamar karin sauti ko ninka wasali a littafin aji ɗaya kaɗai zai taimaka, ko kuwa zai daɗa rikitarwa ne? Ba mai amsa waɗannan sai wanda ya san tsarin sautin Hausa da nahawunta, ya kuma yarda ya zauna a kan benci tare da yara. Har wa yau, da yawa daga cikin masu digirin Hausa kwalejojin ilmi za su tafi su koyar, inda ake yaye masu takardar NCE, su kuwa su ne za su tsaya gaban allon aji ɗaya. Abin da aka koya musu game da karatu, ko aka kasa koya musu, shi zai sauka a kan yara.

Kammalawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar aji uku bai iya fahimtar abin da ya karanta ba, da wuya ya cim ma 'yan'uwansa, domin daga nan kowane darasi, lissafi ne ko tarihi ko kimiyya, ta hanyar karatu zai zo masa. Shi ne zai zama manomin da ke riƙe da kwalbar maganin feshi bai gane gargaɗin da ke jikinta ba, ko uwar da aka rubuta wa yadda za ta ba jariri magani ta kasa tantancewa. Saboda haka ya kamata sashen Hausa ya ɗauki koyar da karatu a ƙananan azuzuwa a matsayin fanni na nazari mai cikakken mutunci, ya ba shi kwas, ya ba shi kundaye, ya kuma ƙarfafa wa ɗalibai su rubuta wa yara. Ɗalibin da zai tafi hutu kuwa yana da gwajin da zai iya yi ba tare da izinin kowa ba: ya rubuta jimla uku da ƙaninsa bai taɓa gani ba, ya ba shi ya karanta, sa'an nan ya tambaye shi me ya sami tulun.